Matasan da ke gaisawa da bangon duniya

Da sassafen ranar 18 ga Oktoba, 1924, gari bai gama wayewa ba a Landan, wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Cecil Goyder yana zaune a ɗakin rediyon makarantar Mill Hill, abin sauraro manne a kunnensa. Cikin shuuu ɗin iska sai ya tsinkayi wani ɗan bugu can ƙasa-ƙasa, gajere da dogo, irin na masu buga tangarahu. Ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, suka ba shi 4AA. Mai wannan lamba kuwa wani mai kiwon tumaki ne, Frank Bell, a kwarin Shag da ke tsibirin kudu na ƙasar Niyu Zilan, inda a daidai lokacin yamma ta yi. Tsakanin kujerun mutanen biyu akwai tafiyar kilomita wajen dubu 19.

Saurayin bai yarda nan take ba. Ya buga wa Bell cewa in da gaske shi ne, to ya aiko da saƙon waya ta ƙarƙashin teku don tabbatarwa. Saƙon kuwa ya iso. Kafin wannan rana ba a taɓa yin zance ta rediyo, a faɗa a amsa, tsakanin wurare biyu masu nisa haka ba. Manyan kamfanoni na da hasumiyoyi kamar su taɓa girgije, da injuna masu zuƙar wuta, amma abin sai ya faɗo a hannun ɗalibi da makiyayi. Goyder daga baya ya zama babban injiniyan gidan rediyon ƙasar Indiya.

Abin da mutanen nan biyu suka yi har yau ana yin sa. Turawa na kiran masu yin sa ham. A Hausa bai sami sunan da ya zauna masa ba tukuna, don haka bari mu ce masa rediyon sha'awa. Ya sha bamban da gidan rediyon da muka sani, inda mutum ɗaya ke magana dubbai na saurare. Nan mutum ne da na'urarsa da eriyarsa da lasisinsa, ya kira wani irinsa a wani gari ko wata nahiya, su gaisa, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa yadda muryarsa ke fita, su taɓa zancen na'ura da yanayin gari, su yi sallama. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ware musu zanguna nasu na kansu, ta kuma fayyace manufar: koyar da kai, sadarwa a tsakaninsu, da binciken fasaha. Neman kuɗi ba ya ciki. Ko sisi ba a yarda a karɓa ba.

Na tashi a gidan da akwatin rediyo ke da wurin zamansa a kan tabarma kamar mutum. Idan ƙarfe takwas da rabi na dare ta gabato, Baba zai ja eriya har ƙarshe ya fara murɗawa yana neman Landan. A hanyarsa, kusa da mita 41, yakan ratsa ta kan wasu ƙararraki, wani kamar kukan tsuntsaye, wani kamar agwagwa na ƙoƙarin magana. Mu yara mukan ce aljanun iska ne. Sai da na girma na gane mutane ne. Zangon mita 40 na 'yan rediyon sha'awa na maƙwabtaka da mita 41 na manyan tashoshi. Kukan tsuntsayen bugun Morse ne, gajere da dogon nan irin wanda Goyder ya ji, agwagwar kuma muryar mutum ce da aka aiko ta wata hanya da akwatin Baba ba shi da kayan warware ta. Shekara da shekaru muna wucewa ta ƙofar wannan zaure, babu wanda ya ce mana ana shiga.

Ba na jin akwai al'ummu da yawa a duniya da suka riƙi rediyo kamar Hausawa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, duk don sun san akwai kunne a nan. Mai shayi, direba, makiyayi a ruga, tsohuwa a tsakar gida, kowa ya san mita 16 da mita 19 da lokacin da kowacce ke fita garau. Sai dai duk tsawon shekarun nan kunne kawai muka bayar. Baki da hannu, wato aikawa da ƙerawa, mun bar wa wasu. Rediyon sha'awa shi ne wurin da mai sauraro ke zama mai magana, kuma tun asalinsa samari ne suka fi kowa cin moriyarsa.

Zangon da aka raina

A Disambar 1901 Guglielmo Marconi ya ba da sanarwar cewa ya kama harafin S da aka bugo daga Ingila, shi kuma yana Niyufanlan, a ɗaya gaɓar tekun Atalantika. Labarin ya shiga kan yaran Amurka da Turai kamar wutar daji. Da wuya a sami kantin da ke sayar da rediyo a lokacin, don haka kowa ya nemi waya ya naɗa a jikin kwali, ya haɗa batir, ya ɗaura igiya a bishiya. Cikin 'yan shekaru iska ta cika da surutunsu har suna shiga hancin jiragen ruwa da sojoji. Bayan nutsewar jirgin Titanic a Afrilun 1912, majalisar Amurka ta yi doka a shekarar: dole kowa ya nemi lasisi, kuma 'yan sha'awa su tattara su koma zangon mita 200 zuwa ƙasa. Masana na lokacin sun ɗauka wannan yanki juji ne, saƙo ba zai yi nisa a cikinsa ba. An ba su ne don a rabu da su.

Bari in tsaya a kan kalmar mita, tunda kullum muna faɗarta. Saƙon rediyo tafiya yake kamar igiyar ruwa, da gudun haske, kilomita dubu 300 a daƙiƙa. Mita ita ce tsawon igiya guda, daga tudu zuwa tudu. Ka raba 300 da adadin megahaz, sai ta ba ka mitar. Rediyon Najeriya Kaduna da aka saba kamawa a kilohaz 6090, wato megahaz 6.09, raba 300 da shi, za ka ga 49 ta fito. Mita 49 ɗin da masu gabatar da shiri ke maimaitawa ke nan. Ɗan aji uku na sakandare zai iya wannan lissafi, kuma da shi ake yanka eriya.

To a jujin nan da aka tura su sai suka tono zinariya. A Nuwambar 1923 wani Bafaranshe, Léon Deloy, daga birnin Nis, ya yi zance da Fred Schnell da John Reinartz a jihar Kanetikat ta Amurka, a zangon da bai fi mita ɗari da 'yan kai ba. Bayan wata goma sha ɗaya Goyder da Bell suka yi nasu. Dalilin kuwa yana can sama. Daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita a saman kawunanmu akwai wani rufi na siririyar iska da hasken rana ke caja wa lantarki, ana ce masa ayonosfiya. Gajeren zango idan ya doshi sama, rufin nan sai ya tanƙwaro shi ya dawo ƙasa can nesa, ƙasa ko teku ta sake cilla shi sama, haka yake tsalle-tsalle har ya kewaye duniya. Da rana, ɓangaren rufin na ƙasa-ƙasa kan shanye wasu zanguna. Rana na faɗuwa sai ya watse, hanya ta buɗe. Shi ya sa tashoshin nesa na matsakaicin zango ke fitowa da dare, abin da kowane tsohon mai sauraro ya sani ko da bai san dalili ba. Ƙarfin rufin kuma yana hawa da sauka da yanayin rana a zagayen kimanin shekara 11. Hukumar NASA ta sanar a Oktoban 2024 cewa zagayen da muke ciki ya kai ƙololuwarsa.

Da aka ga abin da gajeren zango ke yi, sai gwamnatoci da manyan tashoshi suka kwararo cikinsa. Hanyar da labarai ke bi daga Landan su iso rugar da ko titi babu, 'yan sha'awa na cikin na gaba-gaba da suka share ta.

Abin da yaro ke yi a gaban na'ura

Farkon abu jarrabawa ce. A Amurka matakin farko tambaya 35 ne, ka ci 26 ka wuce, kuma babu ƙa'idar shekaru, har 'yan firamare na samu. Birtaniya ta ƙirƙiro nata matakin na masu farawa a 2002. Ana tambaya a kan wutar lantarki, eriya, dokokin iska da kiyaye lafiya. Wanda ya ci sai a ba shi lambar kira, wadda duk duniya babu mai irinta. Haruffan farko su ke faɗin ƙasa: 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Gana, TJ Kamaru, TT Chadi, ST Sudan. Marigayi Sarki Husaini na Jodan lambarsa JY1, Rajiv Gandhi na Indiya VU2RG. A kan iska kuwa sunan yanka ake kiran juna da shi, sarki da ɗan sakandare duk layi ɗaya suke bi.

Daga nan sai eriya, kuma a nan ne nake ganin abin ke kama zuciyar yaro. Don zangon mita 20, wato megahaz 14, waya ake nema mai tsawon kimanin mita goma, a yanka ta biyu, a haɗa wayar da ke zuwa na'ura a tsakiya, a ɗaure bakin nan a wannan darbejiya, wancan a waccan. Shi ke nan. Idan ta yi tsawo a datse, idan ta gaza a ƙara, ana aunawa. Sai yaro ya zauna ya kira CQ, ma'ana ina kiran duk mai ji na, ya faɗi lambarsa, ya saki maɓalli ya kasa kunne. Wani lokaci shiru. Wani lokaci kuma sai murya ta fito daga Italiya ko Barazil tana maimaita lambarsa. Duk wanda ka tambaya a cikinsu, ko ya kai shekara tamanin, yana tuna ranar da aka fara amsa masa. Wayar da ya yanka da hannunsa ce ta kai muryarsa ƙetaren teku, babu kamfani a tsakani, babu kati, babu data. Akwai ma masu alfahari da ƙarancin wuta, waɗanda ba sa wuce wat biyar, ƙarfin da bai kai na ƙwan fitila mai kyau ba, kuma suna tsallaka nahiyoyi da shi.

Zancen kansa gajere ne, kuma duk wanda ya tashi cikin al'adar gaisuwa zai gane shi. A faɗi suna, a faɗi gari, a ba da rahoton ƙarfin murya, 59 idan ta fita tas, a rufe da 73, wato gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka a aika wa juna kati mai ɗauke da rana da lokaci da zango, ana ce masa QSL, shaidar cewa an haɗu. Yanzu da yawa ta intanet suke tabbatarwa, amma har yau akwai ɗakunan da bangonsu ya rufe da katunan. Wanda ya tara shaidar ƙasashe da yankuna ɗari, daga jerin da ya kai 340, ƙungiyar 'yan sha'awa ta Amurka, ARRL, na ba shi takardar yabo. Wannan ya sa ƙasar da masu lasisi suka yi ƙaranci a cikinta take da farin jini. Yaron da zai kira CQ daga Damagaram da lamba mai farawa da 5U, ba shi zai nemi mutane ba. Turai da Japan ne za su yi masa caa a lokaci guda, kowa na roƙon a ji shi. 'Yan ƙungiyoyin zaɓi-sonka da suka shekara suna aika katin gaisuwa gidajen rediyo ba za su ga baƙon abu a nan ba.

Wasu yaran ba zama ke burge su ba. Su akwai farautar dila: a ɓoye ƙananan na'urori masu aika sauti a cikin daji, a ba kowa taswira da kamfas da eriyar hannu, a ga wanda zai riga gano su a guje. Wasa ne sosai a Gabashin Turai da Sin, kuma tun 1980 ake gasarsa ta duniya.

Ina wannan hanya ke kai mutum? Joseph Taylor da ɗan'uwansa sun taso a gidan gona a jihar Niyu Jasi, suka cika rufin gidan da eriyoyin da suka ƙera da tarkacen tsofaffin talabijin da kayan sojoji da aka yi gwanjonsu. Sanin yadda ake tsamo raunannen saƙo daga cikin hayaniya shi ya bi da Taylor zuwa nazarin taurari ta rediyo. A 1993 ya sami kyautar Nobel a kimiyyar fiziya tare da ɗalibinsa Russell Hulse. Da ya yi ritaya sai ya koma wa abin ƙuruciyarsa, lambarsa K1JT, kuma a 2017 shi da Steve Franke suka fito da FT8, wata hanya da kwamfuta ke musayar gajeren saƙo duk daƙiƙa 15, tana jin abin da kunnen mutum ba zai taɓa ji ba. Steve Wozniak, wanda ya ƙera kwamfutar Apple ta farko, shi ma tun yana yaro ya karɓi lasisinsa. Ba kowa ne zai zama su ba, kuma ba don haka ake yi ba. Amma yaron da ya taɓa ƙona yatsa da ƙarfen narka dalma yana neman inda na'urarsa ta ƙi tashi, darasin lantarki ya daina zama masa haddar allo.

Sai kuma sama. A 1983 ɗan sama jannati Owen Garriott ya tafi da ƙaramar na'ura cikin kumbon Columbia ya yi magana da 'yan sha'awa a ƙasa. Daga nan abin ya zama al'ada. Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 a sama tana zagaye duniya duk minti 90, tana da rediyon sha'awa a cikinta, kuma akwai shiri mai suna ARISS da ke haɗa makarantu da mazaunanta. An fara a Disambar 2000 da wata makaranta a jihar Ilinoi. Minti goma kacal ake samu, daga ɓullowar tashar zuwa faɗuwarta, don haka yara kan jera da tambayoyinsu a rubuce, kowa ya karanta tasa ya matsa. A Agustan 2022 wata yarinya 'yar shekara 8 a yankin Kent na Ingila ta kira tashar da na'urar mahaifinta, ɗan sama jannati Kjell Lindgren ya amsa mata.

Furfura ta yi yawa

Duk da haka, wanda ya leƙa taron 'yan rediyon sha'awa a Turai ko Amurka zai ga furfura ta fi baƙin gashi. Amurka na da masu lasisi sama da dubu 700, amma da yawansu dattawa ne. Japan ta taɓa haura tasha miliyan ɗaya da dubu 300 a tsakiyar shekarun 1990. Wayar hannu na shigowa adadin ya riƙa zubewa, yanzu bai kai dubu 400 ba. Sana'ar da samari suka haifa ta wayi gari tana neman samari.

'Yan sha'awar kuwa sun tashi nema. A 2003 taron ITU ya cire wajabcin iya bugun Morse kafin a hau gajeren zango, shingen da ya daɗe yana korar masu farawa, Amurka ta bi sahu a 2007. Abin sha'awa, da aka daina tilastawa sai ga yara na koyonsa don kansu. Ƙungiyar 'yan sha'awa ta duniya, IARU, wadda aka kafa a Paris a 1925, reshenta mai kula da Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya na da shirin matasa mai suna YOTA. Tun 2011 suke tara samari da 'yan mata daga ƙasashe daban-daban a sansani na mako guda, kuma duk Disamba a bar musu tashoshi na musamman su yi ta kira. Don sansanin 2017 a Ingila ne wani injiniya, Hans Summers, ya tsara wata 'yar na'ura mai suna QCX da yaro zai haɗa da hannunsa, aka sa mata kuɗi ƙasa da dala 50. 'Yan sikawut kuwa sun riga kowa: tun 1958 suna da taronsu na kan iska, JOTA, wanda yanzu ake yi duk ƙarshen mako na uku na Oktoba, inda yaran da ba su da lasisi ke karɓar makirfo a gaban mai lasisi su gaisa da takwarorinsu na wasu ƙasashe.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, yaron da ke da WhatsApp a aljihu, me zai yi da wannan wahala? Mai hawan doki ranar sallah ba mota ya rasa ba. Wayar hannu ta ba yaranmu duniya, amma a rufe take, an like ta, ba a son ka san cikinta. Ka biya, ka shafa, ka kalla. Rediyon sha'awa kuwa dokarsa ma ta yarda ka buɗe, ka gyara, ka ƙera naka ka hau iska da shi, abin da ba a yarje wa sauran masu amfani da iska ba. Sannan ranar da igiya ta tsinke ake sanin amfaninsa. A Disambar 2004 wata Ba'indiya, Bharathi Prasad, tana tsibiran Andaman da tawagarta don kiran nishaɗi kawai, sai girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami suka auku. Layuka suka mutu, tasharsu ta koma hanyar isar da saƙonnin jama'a da na agaji zuwa babban yankin Indiya. Mu ma a nan mun ɗanɗana a Maris ɗin 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka tsaya cik. Na'ura mai batir da faifan sola da waya a kan bishiya ba ta san an yi ba.

Ga iyaye masu fargabar ɗansu na magana da baƙi, akwai abin da ya kamata su sani. A kan wannan iska babu ɓoyayyen ɗaki. Doka ta hana sakaya magana, duk abin da aka faɗa kowa na ji, kuma kowa sai ya ambaci lambarsa wadda hukumar ƙasarsa ta rubuta da sunansa. Al'adarsu ce kuma a kauce wa gardamar siyasa da ta addini. Ban ce babu marasa kunya ba, ko'ina akwai su. Amma idan aka gwada da abin da ke shigo wa yaro ta waya da tsakar dare, tazarar na da yawa. Ga 'ya mace kuma, abu ne da za ta yi daga ɗakinta, a gaban iyayenta. Tashar 4AA ɗin nan ta farkon labarinmu, da aikin gona ya sha kan Frank Bell, 'yar'uwarsa Brenda ce ta karɓe ta, ta zama mace ta farko mai rediyon sha'awa a ƙasarsu. Haɗarin gaske yana wajen kafa eriya: kada ta kusanci wayar wutar lantarki ko kaɗan, kuma hadari na haɗowa a cire ta daga jikin na'ura.

Ƙofar da ba a nuna mana ba

Afirka ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya. Ƙungiyar Afirka ta Kudu ta kafu tun 1925, kuma ita ta karɓi baƙuncin sansanin YOTA na 2018. A Jami'ar Addis Ababa ɗalibai na da tashar ƙungiya mai lamba ET3AA, wadda duniya ta san muryarta. Najeriya na da ƙungiyarta, NARS, mamba a IARU. A 2017, ƙarƙashin wani shiri na Cibiyar Fasaha ta Kyushu a Japan, an saki wasu 'yan taurarin ɗan'adam daga tashar sararin samaniya, kowanne faɗinsa santimita 10, cikinsu har da GhanaSat-1 na Jami'ar All Nations da ke Koforidua, da NigeriaEduSat-1 na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. A zangon 'yan sha'awa suka riƙa aiko da saƙonsu. Tun ƙarshen 2018 kuma akwai tauraron ƙasar Katar, Es'hail-2, wanda ke tsaye cak a saman Afirka, ɗauke da na'urar 'yan sha'awa da ake kira QO-100. Inuwarsa ta kama daga gabashin Barazil har Tailan, mu muna tsakiya. Da kwanon dish irin na kallon ƙwallo ake kama shi, dare da rana, ba ruwansa da yanayin ayonosfiya.

Hannu kuwa muna da shi. A shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a ga yara 'yan shekara goma sha suna ɗaga abin da ido da kyar ke gani daga kan allon waya su mayar da wani. Lokaci-lokaci kuma mukan ji labarin wani saurayi a wani ƙauye ya haɗa tashar FM da tarkace, unguwa na kama shi. A yi ta yaba masa kwana biyu, a ɗauki hoto, daga nan ko a manta da shi ko a ce ya rufe, domin watsa shiri ba lasisi laifi ne. Abin na ci mini rai, don yaron nan shi ne Goyder ɗinmu. Akwai halastacciyar hanya da aka tanada a dokar duniya domin irinsa, da jarrabawa da lamba da abokai a kowace nahiya, amma babu wanda ya taɓa gaya masa.

Matsalolin ba ƙanana ba ne. Sabuwar na'urar gajeren zango ta kamfani na cin ɗaruruwan daloli. Ga kuma tsaro. A ƙasar da aka taɓa rufe layukan waya na jihar Zamfara baki ɗaya a Satumbar 2021 saboda 'yan bindiga, ba abin mamaki ba ne jami'i ya yi wa doguwar eriya ko oba-oba kallon tuhuma. Duk saurayin da ya sayi oba-oba a kasuwa ya kama latsawa ba takarda, ya jawo wa kansa da iyayensa abin da ba su shirya ba. Amsar wannan a ganina ita ce ƙungiya a cikin makaranta: tasha ɗaya, a ɗaki sananne, ƙarƙashin malami mai lasisi, hukuma ta san da ita, littafin rajista a buɗe. Makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kwalejojin fasaha, da rundunonin sikawut, duk wurare ne da abin zai zauna daram. Tsadar ma tana da magani. Wani injiniya a Haidarabad ta Indiya, Ashhar Farhan, ya tsara na'urar BITX musamman don wanda ba shi da kuɗi, da kayan da ake samu a kowace kasuwar gyaran rediyo, har da zoben famfon ruwa a matsayin abin naɗa waya.

Abin da ya fi kuɗi wuyar samu shi ne mutum. 'Yan sha'awa na da suna ga dattijon da ke kama hannun yaro ya nuna masa hanya, suna ce masa Elmer. Mu ma mun san shi, shi ne maigidan da ake kai wa yaro koyon sana'a. Muna da tsofaffin injiniyoyin gidajen rediyo, da tsofaffin ma'aikatan sadarwa na soja da na jiragen sama, da masu gyaran rediyon da suka shekara arba'in a rumfa, suna zaune da ilimin da babu mai tambayarsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin a kai ga duk wannan, sauraro a mafi yawan ƙasashe ba ya bukatar lasisi, kuma da shi kowa ya fara. Jami'ar Twente a Holan ta jona na'urar kama gajeren zango da intanet tun 2008, kowa na iya murɗa ta daga wayarsa kyauta, ya ji agwagwar nan ta zama muryar mutum. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai kama da filashi, RTL-SDR, da ba ta wuce dala talatin da 'yan kai ba, wadda ke mayar da kwamfuta akwatin kama zanguna masu yawa. Tashar sararin samaniya na ratsa samaniyar Kano da Maradi da Garwa kamar yadda take ratsa ta Landan. Wani lokaci bayan magariba ana ganinta da ido, ɗigon haske mai tafiya ba ƙyaftawa, daga yamma zuwa gabas. Tana magana a megahaz 145.800. Wasu ranaku a shekara mazaunanta kan aiko da hotuna ta wannan zango, a cikin wani sauti mai kama da kukan gyare. Yaro ya kara wayarsa kusa da lasifika, manhaja ta riƙa juya sautin, hoton na sauka layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa. Kimanin minti biyu yake ɗauka ya cika, kafin tashar ta faɗa bayan rufin maƙwabta.